Ciwon da Na Aro a Wurin Yaya

Yayana mahauci ne. Tun muna samari yake da teburin tsire, wanda mu a nan Douala muke ce wa soya, a bakin titin da ya ratsa unguwarmu ta Hausawa a New Bell. Duk wanda ya san wurin ya san muryarsa kafin ya san fuskarsa. Yana yanka nama yana yi wa wuƙa faɗa, yana barbaɗa yaji yana tsokanar mai saye da Hausa da Faransanci da Fidgin, wani lokaci duka ukun a numfashi ɗaya. In ya yi dariya, har a cikin masallaci ana jin ta.

Sai wata shekara dariyar ta ɗauke. Bai faɗi ba, bai yi zazzaɓi ba, ba a yi masa rasuwa ba. Ya fara makarar fita, daga nan ya fara tashi da wuri, daga ƙarshe ya bar teburin a hannun abokin sana'arsa ya shige ɗaki. Gidanmu ɗaya, na gado, ɗakinsa yana kallon nawa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Nakan hango shi ta gefen labule a kwance, fuskarsa na kallon bango.

'Yarsa ta fari ce ta kai shi asibiti. Ta yi boko, tana aiki a ofishin wani kamfanin manyan motoci a unguwar Bassa, tana aure a unguwar Yassa. Aka ce ciwon damuwa ne, aka ba shi ƙwaya. Ya sha wata da watanni, ba ta yi ba. Ta canza masa asibiti, ta kai shi wurin wata likita 'yar kudu, ita ma ta ba shi wata ƙwayar daban. Yana sha a kan lokaci, don Yaya ko a cikin ciwo ba ya karya doka. Duk wata yana zuwa ganin likitar, ya shiga shi kaɗai saboda ya ce ba mai shiga masa, ya fito, ya dawo gida ya koma wa bangonsa.

A unguwa kuwa cewa muka yi ciwon baya ne. A wurinmu in ƙafar mutum ta karye, jarrabawa ce, kowa ya zo da addu'a. In aka ce abin a zuciya yake ko a kai, kafin magariba an ce ya taɓu. To wa zai tsaya sayen nama a gaban mutumin da aka ce ya taɓu, ga wuƙa a hannunsa?

Ni albasa nake sayarwa a kasuwar Sandaga. Aikina na safe ne, motoci su iso daga arewa, a sauke, a raba, kafin azahar na gama. Bayan la'asar ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa manya a barandar makarantar unguwa. Bakina ya daɗe da iya Faransancin kasuwa, ido ne bai iya ba, shi ya sa na shiga. Tsakanin azahar da la'asar kuwa ba ni da aiki, kuma 'yar Yaya ta san haka.

Wata Lahadi ta shigo ɗakina, ta gaishe ni, ta ja ƙofa, ta miƙo mini waya.

"Baba Ƙarami, dubi abin da na gani. An ce akwai maganin da ake fesawa a hanci, na mutanen da ƙwaya ta ƙi yi wa aiki. Irin Baba ke nan."

Na ce, "A hanci? Ciwo yana zuciya, a bi ta hanci?"

"Kai ma in za ka shiga ɗakinka ai ta zaure kake bi."

Ta ce ba irin wanda ake saye a tafi da shi gida ba ne, a asibiti ake yi a gaban likita. Ita ba ta da lokacin yawo, ofis ba ya sakin ta sai yamma. Ni zan bi asibitocin garin nan in nemo wanda ke yi. Ta koya mini sunan maganin, na yi ta maimaitawa kamar karatun allo har ya zauna. Da za ta fita ta juyo.

"Amma don Allah kada kowa ya san na Baba ne."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da ƙafa na fara. Na gwada hawa bensikin, wato babur ɗin haya, amma kafin in haɗa harafin farko na allon shago da na biyu mun wuce shago uku. Don haka na riƙa takawa da lema a hannu, ina tsallake kwata, in tsaya a gaban kowane allo in karanta shi a tsanake. Wurin farko da na karanta an rubuta kilinik, na kakkaɓe riga na shiga da sallama, sai na tarar da saurayi yana tona cikin wayar hannu da ɗan ƙarfe. Asibitin wayoyi ne. Ya tambaye ni me ya sami tawa. Na ce lafiyarta ƙalau, gaisuwa na shigo yi.

A kantin magani kuwa, ina cewa na fesawa a hanci, kafin in kai ga sunan, matar ta ɗora mini maganin mura a kan tebur. Na ce ba toshewar hanci ba ce, na faɗi sunan. Ta ce ba ta da shi, ba ta taɓa ganin sa ba, in gwada asibiti.

A asibitocin ne na gamu da tambayar da ban shirya mata ba. Duk inda na shiga, mai karɓar mutane sai ta ce, "Waye marar lafiyar?" Ba zan ce Yaya ba, na yi alkawari. In na ce wani ne, sai a ce in je in zo da shi. Sai na ce, "Ni ne."

Matsalar ita ce fuskata. Allah ya yi ni da wushirya da kumatu, kuma in kunya ta kama ni murmushi nake yi, ba na iya hana shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to tawa fuskar shaidar zur take bayarwa. A wani asibiti a Akwa, wata nas mai jiki ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne ƙwaya ta ƙi yi wa aiki?"

Na ce, "Ni ne," ga haƙora a waje.

"Ba ka barci?"

"Ko kaɗan." Alhali kullum matata cewa take yi minsharina ya ishe ta.

Ta ce, "Allah ya ba mu irin damuwarka." Sannan ta ce ba sa yi a nan.

Na gama asibitocin da ƙafa za ta iya kai ni, saura na nesa. Dole na nemi maƙwabcinmu mai bensikin, mutumin Garwa, ya riƙa kai ni yana jira na. Mutumin kirki ne, amma shi cikinsa don tuwo kaɗai aka yi shi. Rana ta biyu, muna tsaye a cunkoson gadar Bonaberi, ya waiwayo.

"Alaji, wai me muke nema ne daga wannan asibiti zuwa wancan?"

Na ce, "Wani ɗan maganin hanci ne."

"Na wa?"

"Nawa."

"Subhanallahi! Ka ga ni tuni na lura hancin nan ya ƙara girma."

Washegari na dawo daga Sandaga na tarar da takalma a ƙofar ɗakina. 'Yan dubiya ne. A unguwarmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba wanda bai san magani ba. Ladanin masallacinmu ya zo da man habbatussauda, ya ce a ɗiga a kowace kafa bayan salla. Tsohuwa mai ƙosai ta aiko da saiwa a ƙulle cikin leda, ta ce a zuba a garwashi in lulluɓa da zane in shaƙi hayaƙin. Tsohon nan mai goro, abokin marigayi babanmu, ya zo da kansa yana dogara sanda, ya fito da 'yar kwalbar garin taba ta shaƙa.

"Ɗana, asibiti ba su san hanci ba. Shaƙi nan a gabana in gani."

Ba a mayar wa dattijo da magani. Na ɗiba na shaƙa. Na yi atishawa har hulata ta faɗi, hawaye suka wanke mini fuska.

Ya ce, "Ka ji ciwon yana fita."

Matata ta san gaskiyar magana tun ranar farko, amma maimakon ta cece ni, ita ce mai hura garwashi. In baƙi sun tafi sai ta tsaya a kaina da kasko.

"Malam, shiga zane. Mai ƙosai za ta tambaye ni gobe, ni kuwa ba na ƙarya."

"Ke kin san lafiyata ƙalau."

"Da dai. Yanzu dubi madubi."

Gaskiyarta. Kafin mako ya zagayo hancina ya yi ja ya kumbura, idanuna kullum cikin ruwa. A aji in malaminmu ya ce in karanta layi, sai atishawa ta raba mini kalma biyu. Wanda duk ya gan ni ya yarda ba ni da lafiya. Na ci gaba da yawon asibiti a haka, kuma abin mamaki nas-nas suka fara ba ni kujera. Amma amsar ɗaya ce. Wasu ba su taɓa jin sunan maganin ba, wasu sun ji amma ba su da shi, wasu su ce in tambayi likitan da ke duba ni.

Sai ranar da ruwa ya tsuge muna ƙofar wani asibiti a hanyar Yassa. Mai bensikin ya biyo ni ciki don ya fake, ban lura ba. Yana tsaye a bayana lokacin da nake gaya wa nas cewa ciwon damuwa ne, ƙwaya ta ƙi yi, barci ya ƙaurace mini. A hanyar dawowa bai yi gudu ba. Duk ramin da muka zo sai ya lallaɓa ya kewaye shi, kamar ya ɗauko ƙwai.

Abin da muka ji wa Yaya tsoro, sai ga shi a kaina. A Sandaga masu ɗaukar kaya suka daina tsokana ta. Maƙwabcina mai tumatir, wanda muka yi shekara da shekaru muna musu a kan iyakar rumfa, ya ja kwandonsa baya da kansa. Na ajiye 'yar wuƙar da nake yanke bakin buhu da ita, na waiwaya, na ga an matsar da ita nesa. A masallaci mutane suka riƙa yi mini magana a hankali, suna jan kalma, kamar ina da kurumta. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Amma nakan ce a raina gara ni, albasa ba ta bukatar a amince wa hannun mai ita.

Labarin ya zagaya unguwa, ya shigo gida ta bakin mata, ya tsallaka tsakar gida. Wata rana da hantsi, ban je kasuwa ba saboda hayaƙin mai ƙosai ya sa mini ciwon kai, ina kwance a tabarma, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Muryar ta dishe don rashin amfani, amma na san ta. Yaya ne. Ya sa riga, har da hula. Rabon da ya tako ƙofar ɗakina na manta. Ciwonsa bai iya fito da shi ba, amma an ce ƙanensa ba lafiya, kuma wa ba ya jin haka ya ci gaba da kwanciya.

Ya zauna a bakin tabarma. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Auta, yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Yaya, alhamdulillahi."

Ya dubi jan hancina da idanuna. "Haka ake cewa." Sannan ya ce, "Na ji abin da ke damunka. Na san shi. Ba garin taba ne maganinsa ba. Jibi ranar ganin likitata ce, ka shirya in kai ka."

Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai na hango matata a bayansa tana girgiza mini kai da ƙarfi har ɗankwalinta na zamewa. Na rufe bakina. Da yamma na kira 'yar Yaya na gaya mata. Ta yi ta dariya har ta koma kuka, ta ce, "Baba Ƙarami, ka bi shi. Ko ba komai ka shiga ɗakin nan da bai taɓa barin kowa ya shiga ba. Ka tambaye ta maganin."

Muka tafi a tasi. Yaya ne ya buɗe mini ƙofa, ya riƙe mini hannu wurin tsallake kwata, ya kori wani saurayi daga benci don in zauna. Da aka kira shi ya tura ni gaba.

Likitar ba ta da tsawo, tana da tabarau da furfura kaɗan a goshi. Da Faransanci aka yi maganar, ni ne na mayar da ita Hausa a nan. Ta dubi Yaya ta ce, "Yaya jiki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah. Likita, yau ba don ni na zo ba. Ga ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Irin abin nan ne ya kama shi."

Ta juyo gare ni. Kunya ta rufe ni, sai ga wushirya a waje.

Yaya ya ce, "Kada ki bi ta dariyar nan, kuma kada ki tambaye shi, ba zai faɗa ba. Ni zan gaya miki yadda yake ji."

Ya gyara zama ya fara. Ya ce ƙanensa in ya kwanta ba barci, in ya tashi ba hutu. Ya ce asuba ta fi kowane lokaci nauyi, kiran salla ya same shi ido biyu, amma kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Ya ce abinci a bakinsa kamar kwali. Ya ce mutane su zo gaishe shi, ya ji muryarsu kamar daga bayan bango. Ina zaune ina jin ciwona a bakinsa, murmushin ya gudu daga fuskata da kansa.

"In ƙanshin nama a wuta ya shigo ta taga, abin da ya fi so a duniya, sai ya ji ba komai. Jikarsa ta hau cinyarsa, ya san yana son ta, amma ya laluba ƙirjinsa ya rasa inda son yake. Wani lokaci ya ce da ma in ya kwanta kada ya farka. Ba zai yi wa kansa komai ba, yana tsoron Allah. Amma tunanin yana zuwa."

Likitar ta daina rubutu. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Sana'ar me kake yi?"

Na ce, "Albasa."

"Kana da jika?"

"Tukuna dai."

Yaya bai ma ji mu ba, ya ɗauki zafi. Ya ce, "Kuma ina roƙon arziki ɗaya. Kada ki ba shi irin ƙwayar da kike ba ni. Ba ta yin komai sai busar da baki. Ni na saba, amma shi yaro ne, yana da iyali ƙanana."

Ta ajiye biro a hankali. "Ba ta yi maka komai?"

"Ko kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Amma duk wata in na tambaye ka sai ka ce da sauƙi. Shi ya sa na bar ka a kanta."

Yaya ya dube ta da mamaki na gaske. "Ai gaisuwa kika yi mini."

"Tambaya na yi maka."

"Cewa kika yi yaya jiki. Mutum ya ce maka yaya jiki, sai ka zube masa kayan ciwo a gabansa kamar ɗan koli? Ga ki kin baro gidanki tun da safe kina ƙoƙari, in dube ki in ce aikinki bai yi ba? Kuma wanda Allah ya bar wa numfashi ya ce ba sauƙi, ai ya yi butulci."

Ta cire tabarau ta murza idanu. Na ga kafaɗunta na motsi, ban sani ba dariya ce ko takaici, ina jin duka biyun ne. Sannan ta ce, "Duk abin da ka faɗa yanzu, na ƙanenka ne ko naka?"

Yaya ya dubi ƙasa. A nan na ga ba sauran abin ɓoyewa. Na ce lafiyata ƙalau, barci nake kamar gawa. Na ba su labarin wayar 'yarsa, da alkawarin da na yi, da yawon asibiti, da asibitin wayoyi, da mai bensikin. Na faɗi sunan maganin fesawar, wanda a lokacin ko a mafarki zan iya faɗar sa.

Yaya ya juyo ya daɗe yana kallon hancina.

"Wato duk garin tabar nan da ka shaƙa..."

Na ce, "Rabonka ne, Yaya. Ni na shaƙa maka."

Wani sauti ya fito masa ta hanci. Ba dariyar nan tasa ba ce da ake ji a masallaci, amma ƙanwarta ce.

Likitar ta yi mana bayani ba tare da ta sa mana dogon rai ba. Ta ce maganin gaskiya ne akwai shi a wasu ƙasashe, ana fesa wa mutum a asibiti, ya zauna ana lura da shi har a tabbatar lafiya kafin ya tafi, kuma ba kowa ake yi wa ba. Ita ba ta da shi, ba ta kuma san wurin da za ta tura mu da kwanciyar hankali ba. Ta ja mana kunne cewa duk wanda ya ce zai sayar mana da shi a leda mu guje shi. Amma ta ce tun kafin a kai ga wannan akwai matakai da yawa da ba ta taka ba, saboda ana ta gaya mata da sauƙi. Ta canza masa magani, ta sa masa ranakun da zai riƙa zuwa su zauna su yi magana kawai, ta yi masa tambayoyi a kan tunanin nan na rashin farkawa, ta ce in ya tsananta kada a jira ranar ganin likita. Ta kuma ce daga yau ba zai ƙara shiga shi kaɗai ba.

Ni ne ɗan rakiyar, don haka na ga yadda suka sasanta. Yaya ya ce shi ba zai iya barin gaisuwa ba, ita kuma ta ce ba za ta ƙara yarda da ita ba. Sai suka raba. In mun shiga ta ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ta ce ina iyali, ya ce lafiya lau. Ta ce ina gajiya, don har wannan ta koya, ya ce ba gajiya. Sannan ta ɗauki biro ta ce, "To, an gama gaisuwa." Sai Yaya ya ja numfashi ya ce, "Wannan makon bai yi kyau ba," ko kuwa, "Na yi barci ranar Talata."

Ba a rana ɗaya ya tashi ba. An sake canza magani, an yi makonnin da ya koma wa bango har na fara tunanin komawa yawon asibiti. Amma a hankali ya fara zama a tsakar gida, daga nan zaure, daga nan bencin ƙofar gida. Bayan azumi ya koma teburinsa, ba kullum ba. Muryar ba ta dawo duka ba har yau, amma wuƙa ta fara shan faɗa.

A unguwa aka ce bayansa ya yi sauƙi, ni kuma aka ci gaba da lallaɓa ni. Ban gyara ba. Wata rana da yamma, na taso daga aji na tsaya a teburinsa, sai mai bensikin ya faka, ya saya, ya sunkuyo kusa da kunnen Yaya da irin raɗar da ake ji daga tsallaken titi.

"Maigida, yaya mai jikin? Ka riƙa sa masa ido, kada ya riƙa matsowa kusa da wuƙa."

Yaya ya ci gaba da yanka bai ɗago ba. Ya ce, "Ƙyale yaron nan, lafiyarsa ƙalau. Ciwon nawa ne, aro ya yi. Ni ne mai damuwar, ni nake ganin likita, kuma bayana bai taɓa ciwo ba. Yaji nawa zan sa maka?"

Mai bensikin ya dubi wuƙar, ya dubi Yaya, ya dube ni. Ya ce a sa kaɗan. Ya karɓi namansa ya tayar da babur, kuma na san kafin a kira isha'i har Bonaberi an ji.

A gida matata ta tattara ragowar man ladan da saiwar mai ƙosai da kwalbar garin taba a faranti, ta tsallaka tsakar gida ta dire a ƙofar Yaya. Ta ce in an mayar da aro, da kayansa ake mayarwa.

Wasu sun ɗauke ƙafa daga teburin na ɗan lokaci, ba zan ce ba a yi ba. Yawancinsu yaji ya dawo da su. Bayan kwana biyu kuma tsohon nan mai goro ya zo yana dogara sanda, ya zauna a bencin Yaya, ya jira har masu saye suka ragu. Ina gefe ina jin su. Ya yi gyaran murya ya ce yana da wani ƙane da barci ya ƙaurace wa, abinci ba ya yi masa daɗi, ko Yaya zai kwatanta masa inda likitar nan take.

Duk unguwa an san tsohon nan shi ne autan gidansu. Yaya ya goge hannu a tsumma ya ce, "Baba, ranar Alhamis za mu je. Ka zo mu tafi tare, ka yi mata bayanin ƙanen naka da bakinka."